Daga Denton Zuwa Tsohon Cocin Mancesta: Neman Inda Aka Ɗaura Auren Kakannin Inna

Gwamnatin Ingila ba ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa a littafinta ba sai ran 1 ga Yulin 1837. Duk wanda aka ɗaura wa aure bayan wannan rana, ko kana zaune a Zariya za ka iya zaƙulo shi: ka shiga intanet, ka duba jerin sunaye na ofishin rajista na ƙasar, ka biya kuɗi, a aiko maka da takarda. Wanda kuwa aka ɗaura nasa kafin ranar, sai ka san cocin da aka yi, domin littafin cocin ne kaɗai ya san da zancen, coci kuma a Ingila dubbai ne. Mutanen da na je nema sun riga wannan rana da 'yan shekaru ƙalilan.

Na san za a ce me ya haɗa Bazazzagi da littafin coci. Kakata ce ta wajen uba. Kakana yana cikin samarin Arewa da aka tura karatu Ingila gab da samun mulkin kai, ya dawo da takardar shaida, ya kuma dawo da mata, wata nas 'yar garin Denton da ke gabas da Mancesta. A Zariya ta ƙare rayuwarta, a nan aka binne ta. Mu jikoki Inna muke ce mata, 'yan unguwa kuwa Inna Baturiya. Ta iya Hausa har da habaici, amma ita da tuwon dawa har ta koma ga Allah ba su shirya ba. A cikin kayanta akwai katin hoton wani ƙaramin coci mai ratsin fari da baƙi. Takan nuna mana ta ce nan ne cocin danginsu, masu sana'ar malafa, nan ake yi musu aure tun kaka da kakanni.

Da aka ce zan je Mancesta wani kwas na wurin aiki, sai Goggo, babbar 'yar Inna, ta kira ni ɗaki ta ba ni katin tare da wata tsohuwar wasiƙa. Ɗan ƙanin Inna ne ya rubuto ta. Ya taɓa bin sawun dangi har ya kai ga kakannin kakan Inna, ya sami 'ya'yansu kaf, amma aurensu ya nema ya rasa. Shi ne ya rubuta cikin raha cewa wataƙila Gretna Green suka tsere, wani ƙauyen Sukotland da masu gudun iyaye kan je a ɗaura musu aure, wataƙila kuma ba su taɓa yin auren ba. Shi wasa yake yi. Goggo ba ta ɗauke shi wasa ba, shekara da shekaru abin yana cin ta a rai.

"Ka ga, ɗan nan, kowa da asalinsa yake tinƙaho," ta ce. "In ka sami sarari ka duba mana."

Tafiyar babu abin faɗi a cikinta. Abuja zuwa Landan, daga tashar Euston jirgin ƙasa ya kai ni Piccadilly cikin awa biyu da 'yan mintoci, na sauka a Longsight gidan wani abokin karatuna, unguwar da mahautan halal da masallatai ba sa wuyar samu. Ruwan sama dai ya tarbe ni, shi ne kuma ya raka ni.

Babban laburaren Mancesta gini ne zagayayye a dandalin St Peter's, an buɗe shi a 1934. A hawa na ƙasa akwai sashen tsofaffin takardu, da kwamfutocin da ake shiga shafukan bin tarihin iyali na Ancestry da Findmypast kyauta, da na'urorin duba hoton takardu, da wani tebur da 'yan sa-kai na ƙungiyar masu bin tarihin iyali ta Mancesta da Lancashire ke zama suna taimakon baƙi. Kusan dukkansu dattawa ne da suka yi ritaya. A nan na fara, kuma da ƙidaya na fara, don shawarar da kowa ke bayarwa ita ce ka kama daga wanda ka sani ka yi baya, kada ka yi tsalle.

Ingila tana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1801, amma ta 1841 ce ta farko da aka ajiye sunan kowa gida-gida. Ba a buɗe wa jama'a sai ta cika shekara 100, don haka ta 1921 ce ta ƙarshe da ake iya gani, a watan Janairun 2022 aka sake ta. Ta 1931 gobara ta cinye ta a wani sito a Hayes cikin Disambar 1942, a 1941 kuwa yaƙi ya hana a yi. Abin da ya ɗan cike giɓin shi ne rajistar da aka yi ran 29 ga Satumbar 1939 don ba da katin shaida da rabon abinci lokacin yaƙi. A cikinta na sami gidan su Inna: ga mahaifinta, ga mahaifiyarta, sai wani layi da aka shafe da baƙi. Ƙa'idar ita ce duk wanda bai cika shekara 100 da haihuwa ba ana rufe sunansa, sai an tabbatar ya mutu. Inna a Zariya ta rasu, babu wanda ya sanar da su. A littafin Ingila tana nan da rai.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Mahaifin Inna yana saurayi a gidan ubansa a 1921. Uban nasa yana yaro ɗan makaranta a 1881. Uban wannan kuma yana ɗan shekara takwas a 1851, shi ne auta a gidan wani mai yin malafa a Denton. Wannan mai malafa da matarsa su ne waɗanda Goggo ta aike ni nema.

Ƙidayar 1851 ita ce abokiyar mai bincike. An yi ta daren 30 ga Maris, kuma ita ta fara faɗin matsayin kowa a gidan, da ko yana da aure, da shekarunsa daidai, da garin da aka haife shi. Ta 1841 rowa ce da ita: ba ta faɗin waye mijin wa, wurin haihuwa kuma "e" ko "a'a" ne kawai, wato ko a wannan lardin aka haife ka. Shekarun duk wanda ya wuce 15 kuma ragewa ake yi zuwa biyar ɗin da ke ƙasa. Shi ya sa matar da aka rubuta wa 25 a 1841 ta zama 39 a 1851. Ba ƙarya ta yi ba, 29 take, malamin ƙidaya ne ya bi umarni. Wanda bai san wannan ba zai ce mata biyu ne, ya ɗora wa bawan Allah auren da bai yi ba. Akwai kuma sa'a a ciki, don wani ɓangare na takardun 1851 na yankin Mancesta ruwa ya taɓa lalata shi a ma'ajiya, har 'yan wannan ƙungiya suka shafe shekaru suna karanto sunayen da hasken fitila na musamman. Shafin da nake buƙata ya tsira lafiya.

Ga abin da shafin ya ba ni. Mijin ɗan shekara 41, an haife shi a Denton. Matar 39, an haife ta a Hyde, tsallaken kogin Tame, cikin lardin Cheshire. Babbar 'yarsu 17. In haka ne a farkon shekarun 1830 aka yi auren. Sauran abu ɗaya: sunan gidan su matar kafin ta yi aure, don ƙidaya da sunan miji take rubuta mace. A nan autan ya yi mini rana. Da yake bayan 1837 aka haife shi, gwamnati ta rubuta shi, kuma jerin haihuwa na ofishin rajista yana nuna sunan gidan uwa. Dabara ce ƙarama amma ita ce mabuɗin duka: in aure ya riga 1837, nemi ɗan da aka haifa bayanta.

Ranar Asabar na nufi Denton. Garin yana da tashar jirgin ƙasa, sai dai rana ɗaya tak a mako jirgin fasinja ke tsayawa, har ta yi suna a cikin tashoshin da suka fi ƙarancin matafiya a Birtaniya. Bas mai lamba 201 na hau, ta bi titin Hyde Road ta Ardwick da Belle Vue da Gorton, ta sauke ni a mararrabar Crown Point. Mil biyar ne, kimanin kilomita takwas. Gidajen jan bulo ne jere a manne da juna, da shagunan da rabinsu a rufe suke.

Mai wasiƙar yana jirana. Dattijo ne dogo, hancinsa sak na Goggo. Na ce masa a wurinmu ba a kiran babba da sunansa, Kawu zan ce masa. Ya maimaita kalmar ya yi dariya, ya ce ya karɓa. Ya kai ni gida ya ba ni shayi, ya zauna yana ba ni labarin malafa. Denton da Stockport su ne cibiyar wannan sana'a a Ingila. Gashin zomo ake askewa daga fata, a baje shi, a yi ta murzawa cikin tafasasshen ruwa mai tsami har gashin ya kama juna ya zama ƙyalle mai kauri, babu saƙa babu ɗinki, sannan a ɗora kan kututturen katako a fitar da siffar kai. Maza ne ke kewaye tukunyar suna murza a kan allunan da aka jingina, hannuwansu duk sun tsage. Ana kuma gyara gashin da sinadarin makuri, wato zaiba, wanda ke shiga jiki ya bar wasu da karkarwa da ruɗewar tunani. A zamanin mai malafarmu yawanci a bayan gida ko a ƙananan rumfuna ake aikin, manyan masana'antu daga baya suka zo, suka yi zamaninsu, suka mutu da maza suka daina sa malafa.

Cocin yana nan yadda yake a katin Inna. An gina shi wajen 1531 da katako, turakun itace ne suka riƙe ginshiƙan maimakon ƙusa, shi ya sa mutanen garin ke yi masa laƙabi da tsohon turke. Da sunan Yaƙub mai tsarki aka san shi da farko, sai a 1839 aka mayar da shi St Lawrence. Wannan ma tarko ne ga mai bincike, don tsofaffin takardu da sunan farko suke ambatonsa. A bakin ƙofa Kawu ya cire hularsa, ya dubi tawa. A can namiji cire hula yake yi in zai shiga wurin ibada. Na cire zannata na riƙe a hannu, muka shiga. Wuri ne ƙarami, mai ƙamshin tsohon katako, ginshiƙan sun ɗan karkace. Wata dattijuwa mai gyara furanni ta ce mana tsofaffin littattafan ba sa nan, an daɗe da kai su ma'ajiya, hotonsu na laburaren da na baro.

Haka na koma. A littafin baftisma na Denton 'ya'yan suna nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan uba da na uwa, da sana'ar uban. A abin da ke akwai na aure kuwa babu su. Tunda al'ada ita ce a ɗaura aure a yankin amarya, Hyde kuma a lokacin ƙarƙashin cocin St Mary na Stockport take, na duba can. Babu. Na leƙa Ashton, na leƙa Mottram. Babu. A nan Kawu ya tsaya shekarun baya, kuma na ga dalilinsa.

Wata tsohuwa ce a teburin 'yan sa-kai ta warware mini. Ta dubi takarduna ta saman tabarau, ta tambaye ni ko na duba Tsohon Coci. Na ce wanne? Ta nuna arewa da biro, ta ce wanda yanzu shi ne babban cocin bishop na Mancesta. Na ce ai mutanen Denton ne, ga cocinsu a bakin ƙofa, me zai kai su mil biyar? Ta ce, "Kuɗi, yaro."

Sai ta zaunar da ni. Kafin 1754 aure a Ingila sakaka yake. A kewayen kurkukun Fleet da ke Landan akwai limaman coci da ke ɗaura wa duk wanda ya biya, ko da dare, ko da maye. Majalisa ta yi doka a 1753, wadda ake kira da sunan Lord Hardwicke, ta fara aiki ran 25 ga Maris 1754. Daga ranar aure ba ya halatta sai a cocin Angilika, bayan an yi shelarsa Lahadi uku a jere ko an sayi lasisi, a gaban shaidu biyu, ango da amarya su sa hannu a littafi. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye. Yahudawa da 'yan ɗarikar Kwaika an ɗauke musu. 'Yan Katolika da 'yan Metodis, ko suna so ko ba sa so, cocin gwamnati za su je, har zuwa 1837. Dokar ba ta shafi Sukotland ba, shi ya sa Gretna Green, ƙauyen farko in ka tsallake iyaka, ya zama mafakar masu gudun iyaye. Amma daga Mancesta zuwa can ya fi mil 100, kuma a shekarun da nake nema jirgin ƙasa bai kai can ba. Sai mai kuɗin hayar keken doki. Kusan kowane gida a Ingila yana da labarin kakan da ya tsere Gretna, in ji ta, kuma da wuya ta ga an tabbatar da shi a gidan talaka.

Mancesta kuwa tana da nata tsarin. Tun tsakiyar zamani gundumar cocinta ɗaya ce, mai faɗin kusan murabba'in mil 60, da ƙauyuka wajen talatin a ƙarƙashinta: Salford, Didsbury, Gorton, Stretford, Blackley, har da Denton. Wasu ƙauyukan suna da ƙananan coci, amma duk rassa ne. Uwar ita ce cocin da ke bakin kogin Irwell, wanda Sarki Henry na Biyar ya ba wa izinin zama cocin ƙungiyar limamai a 1421. Limaman nan sun riƙe haƙƙinsu gam: duk auren da aka ɗaura a cikin gundumar sai an biya su. In ka yi a reshen ƙauyenku, ka biya reshe ka kuma biya uwa, kuɗi biyu ke nan. In ka taka zuwa uwar, ɗaya za ka biya. Wanda ke murza gashin zomo ya ci abinci ba ya buƙatar malamin lissafi.

Tsarin nan an yi shi ne lokacin da Mancesta ƙaramin gari ce. Sai masaƙun auduga suka zo, jama'a suka yi ta kwarara daga ƙauyuka da Ayalan, har cikin garin kaɗai ya haura mutum dubu 140 a ƙidayar 1831, ban da kewaye. Duk wannan taro coci ɗaya ne ke jan yawancin aurensu. Don haka a jere ake yi, rukuni-rukuni, musamman ranakun da masaƙa ke hutu: Kirsimeti, Litinin ɗin Ista, makon Fentikos. Abin ya tuna mini da auren gata na Kano da aka fara a 2012, sai dai a Kano gwamnati ce ke biyan sadaki da kayan ɗaki, a Mancesta kuwa talakan ne ke biya. Wani limamin cocin, Joshua Brookes, wanda ya rasu a 1821, ana cewa babu limamin da ya kai shi yawan baftisma da ɗaurin aure da jana'iza a duk ƙasar. Mutum ne mai saurin fushi, labaransa kuma har yau ana ba da su: wai in ango ya makara sai ya sa wani ya tsaya a madadinsa, in kuma aka yi kukan an cakuɗa angwaye da amare sai ya ce kowa ya nemi nasa a hanyar fita. Ko an ƙara gishiri, labarin ya nuna irin cunkoson.

Ni dai a ganina zalunci ne a fili. An mayar da abin da doka ta tilasta wa kowa ya zama hanyar samun 'yan tsiraru, shelar auren da aka ƙirƙiro don maƙwabta su ji su yi magana kuma ta zama dogon jerin sunaye da ake karantowa a gaban mutanen da ba su san kowa a ciki ba. Wanda ke son ɓoye aurensa ma nan ya fi masa. Amma dole in faɗi ɗaya gefen: kwaɗayin nan ne ya tara auren dubban ma'aikata a littafi guda, littafin da ya faro tun 1573. Da a rassa aka warwatsa su, da ban san inda zan kama ba.

Da sunan gidan matar a hannuna, binciken bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Sunan mijin gama-gari ne, mutum huɗu masu irinsa suka fito a shekarun, amma ɗaya ne kaɗai ya auri mace mai wancan sunan gida. Na buɗe hoton shafin. Fom ne bugagge, aure uku a kowane shafi. An rubuta sunansa, ɗan wannan gunduma, mai yin malafa, bai taɓa aure ba. An rubuta nata, 'yar wannan gunduma, budurwa. An ɗaura a wannan coci bayan shela. Kwanan watan ya faɗa Litinin ɗin da ke bin Ista. Na matsa shafin gaba, kwanan wata ɗaya. Na koma na baya, shi ne dai. Na yi ta juyawa har na gaji ban fita daga ranar ba, rubutun limamin yana ƙara kwantawa.

Babu ɗayansu da ya sa hannu. Inda ya kamata suna ya kasance, kuros ne, malamin coci ya rubuta a gefe cewa alamar wane ce. Tasa babba ce ta karkace, tata ƙarama ce an danna alƙalami har tawada ta taru. Shaida na farko sunansa yana ƙarƙashin kusan kowane aure a shafukan, da rubutu mai kyau, alamar ma'aikacin coci ne da ke cike gurbi. Ta biyu mace ce mai sunan gidan amarya, ita ma kuros ta yi. Ƙanwa ko yaya, Allah masani, amma ba su je su kaɗai ba.

Abin da shafin bai faɗa ba shi ma yana da yawa. Babu sunan uban kowa, babu shekaru, babu Denton, babu Hyde. Sai daga Yulin 1837 aka fara rubuta sunan uban ango da na amarya da sana'arsu. Sunan uwa kuwa sai a watan Mayun 2021 aka ba shi gurbi a takardar aure ta Ingila. Don haka ba shafin kaɗai ya gamsar da ni ba. Sana'ar ta dace da ta ƙidaya da ta littafin baftisma, sunan gidan amarya ya dace da na rajistar haihuwar auta, shekarar ta dace da shekarun babbar 'ya. Tsohuwar ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin ta yarda in ce na samu. Ta ce mutane da yawa suna kama sunan farko da ya yi kama, su ɗora a intanet, wasu su kwafa, shekara goma sai ka ga zuriya guda tana bin kakan da ba nata ba.

Washegari na je cocin kansa. Daga laburaren tafiyar ƙafa ce ta minti goma sha biyar, kusa da tashar Victoria, maƙwabcin laburaren Chetham's da aka kafa a 1653. Ya zama babban cocin bishop a 1847, a 1850 kuma majalisa ta yi dokar raba tsohuwar gundumar. Bam ɗin Jamus ya rusa wani sashe nasa a Disambar 1940, an sake ginawa, don haka ba duk dutsen da na gani ne suka gani ba. Faɗinsa ne ya ba ni mamaki, ya fi tsawonsa ɗaukar ido, kuma da ka gan shi ka san zai ɗauki taron angwaye. Kujerun mawaƙa na katako ne da aka sassaƙa tun farkon ƙarni na 16, a ƙarƙashin ɗaya akwai zomaye suna gasa maharbi. Na daɗe a gaban wannan, ina tunanin ko angon da zomo ke ciyar da shi ya sami sukunin ganinsa. Da ƙyar. Masu jira a bayansa suna da yawa.

Na so in koma Denton da ƙafa kamar yadda ake kyautata zaton suka yi, amma a Gorton gwiwa ta ce ta ƙoshi, na hau bas. Na kai wa Kawu kwafin shafin. Ya sa tabarau ya karanta, ya ce shekara talatin yana wuce cocin nan in ya je sayayya.

Da daddare na kira Goggo ta WhatsApp na tura mata hoton. Ta sa jikarta ta faɗaɗa mata shi. Na yi mata bayanin kuɗi biyu da kuɗi ɗaya, ta ce to ai sun yi hankali. Ta tambayi shaidu, na ce biyu ne, ɗaya ma 'yar'uwar amarya ce ga alama. Ta tambayi waliyyi, na ce fom ɗin ba shi da wurin wannan. Ta yi shiru, sannan ta ce:

"To, 'yar farin fa? Yaushe aka haife ta?"

Na ce ranar haihuwa ba a rubuta ba, amma an yi mata baftisma a Denton cikin watan Maris na shekarar da ta biyo.

Na ji tana ƙirgawa a hankali, Afrilu, Mayu, Yuni, har ta kai ƙarshe. Ta ce sha ɗaya ke nan. Na ce ƙwarai, Goggo, sai dai wani lokaci jariri yakan yi makonni kafin a kai shi coci. Ta ce makonni nawa? Na ce galibi uku ko huɗu, wani sa'in fiye.

"Ko wata uku suka yi, akwai rara," in ji ta. "Alhamdu lillahi. Ka gaida mini Kawun naka, ka ce masa ya daina rubuta abin da bai sani ba."